Kada A Bar Jaki A Bugi Taiki: Yadda Ake Gano Lalataccen Ram A Kwamfutar Haɗin Hannu

Duk wanda ya saba shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wadda aka fi sani da Computer Village, ko kuwa kasuwar Alaba da ke Ojo, ya san ba kowa ne yake sayen kwamfuta a haɗe ba. Akwai samari da yawa, har da 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da unguwar Sabo ta Badun, waɗanda sukan bi shaguna su sayi kayan cikinta ɗai-ɗai, wani sabo wani na hannu, su koma gida su ɗaura da kansu. Dalilinsu kuwa shi ne sauƙin kuɗi. Da irin wannan kwamfuta ne wani yake buga wa mutane takardu, wani yake haɗa hotunan biki, wani kuma yake riƙe wa maigidansa lissafin kayan da suka sauka daga Arewa.

Amma sau da yawa murna ba ta daɗewa. A gama ɗaurawa, a danna makunni, fanka ta juya, fuskar kwamfuta ta ƙi nuna komai. Ko kuwa ta tashi lafiya lau, sai ana tsakiyar aiki ta ƙame, ko ta mutu ta sake tashi don kanta. Nan take sai zargi ya tashi. Wani ya ce bairos ne, wani ya ce wuta ce, wani ya ce mai shago ne ya yi ha'inci. Sai a goge Windows a sake zubawa, a sayi sabon faifan ajiya, kuɗi su tafi, cuta kuwa tana nan daram. A irin wannan hali, ɗaya daga cikin abubuwan da ya kamata a fara tuhuma shi ne ram. Amma shi ma ba a yanke masa hukunci sai an gwada shi, kuma gwajin yana da ƙa'ida: a canja abu ɗaya kawai a kowane karo.

Mene ne aikin ram?

Mai karatu ya ɗauki misalin ɗan kasuwa mai sito da tebur. Faifan ajiya shi ne sito, inda kaya suke kwana. Furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, ita ce ɗan kasuwan. Ram shi ne teburin da ake baza kayan da ake ciniki a kansu yanzu-yanzu. Da zarar an kashe wuta, duk abin da ke kan teburin ya tafi. Ram yana zuwa ne a 'yan sanduna siri-siri masu tsawon da bai kai taƙi ɗaya ba, da haƙoran zinariya jere a gindinsu, ana cusa su cikin gurabunsu a kan babban allon kwamfuta, wanda masu gyara suke kira madabod.

Wani injiniya na kamfanin IBM a Amurka, Robert Dennard, shi ne ya ƙago irin ram ɗin da ake amfani da shi har yau, aka ba shi takardar mallakar fasahar cikin 1968. A cikin 1970 kamfanin Intel ya fito da ƙwayar ram mai lamba 1103, wadda take riƙe da ɗigon lissafi 1,024 kacal. Yau sanda ɗaya mai giga 8 tana ɗauke da ɗigo fiye da miliyan dubu 68. Kowane ɗigo kamar ɗan mitsitsin tulu ne na lantarki: in yana cike ana karanta shi a matsayin 1, in babu komai a ciki ana karanta shi a matsayin 0. Daɗin daɗawa tulunan nan masu yoyo ne, saboda haka tilas kwamfuta ta riƙa bi tana sake cika su, wajen sau 16 a cikin daƙiƙa guda a ram irin na DDR4. To, in ɗaya daga cikin waɗannan tuluna ya fashe, ko ya riƙa tsiyaya da sauri fiye da ƙa'ida, duk abin da aka aza a kansa zai dawo a gurguje.

Kada a raina ɗigo ɗaya. A zaɓen ƙasar Beljiyam na 2003, a gundumar Schaerbeek ta birnin Burasels, na'urar jefa ƙuri'a ta ƙara wa wata 'yar takara ƙuri'u 4,096 waɗanda ba wanda ya jefa mata. Masanan da suka bincika sun ga cewa abin da ya fi yiwuwa shi ne ɗigo ɗaya ne ya juye daga 0 zuwa 1 a ƙwaƙwalwar na'urar, domin 4,096 shi ne daidai darajar ɗigo na 13 a lissafin kwamfuta. Har wa yau, cikin 2009 Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto tare da wasu injiniyoyi biyu na Google sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan kwamfutocin kamfanin na tsawon shekara biyu da rabi. Sun tarar fiye da kashi 8 cikin 100 na sandunan ram suna yin kuskure a kowace shekara, kuma mafi yawan kuskuren daga lahanin jikin sandar yake, yana maimaituwa. Manyan kwamfutoci irin na Google suna da ram mai gyara kuskurensa da kansa, wanda ake kira ECC. Yawancin kwamfutocin gida ba su da cikakken irin wannan kariya, shi ya sa ɓarnar takan wuce kai tsaye cikin aikin mai ita.

Alamomin ciwo

Ciwon ram kala biyu ne, mai kururuwa da mai shiru. Mai kururuwa shi ne wanda yake hana kwamfuta tashi sam. In akwai 'yar lasifika a jikin madabod za a ji tana ƙara, kuma kowane kamfani yana da nasa ƙidayar ƙarar, sai a duba littafin da ya zo da allon. Sababbin alluna kuwa da yawa suna da 'yan fitilu huɗu masu rubutu CPU, DRAM, VGA da BOOT. In fitilar DRAM ta kama ta tsaya, to a wajen ram aka maƙale.

Mai shiru ya fi haɗari. Kwamfuta tana aiki, amma shirye-shirye suna rufewa ba dalili. Fayil ɗin da aka kwafa ya ƙi buɗewa. Zuba Windows ya tsaya a tsakiya, yau a nan, gobe a can. Wani lokaci fuskar ta rikiɗe ta zama shuɗiya, ko baƙa a sabon Windows 11 tun daga 2025, da rubutu irin su MEMORY_MANAGEMENT ko PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA. Babbar alama ita ce rashin tsayawa wuri ɗaya. In shiri ɗaya ne kullum yake faɗuwa a wuri ɗaya, to an fi zargin shirin. In kuwa yau wannan ne gobe wancan, kuma rubutun kuskuren yana canjawa, to a nufi ram. Haka nan in an sa giga 16 kwamfuta ta ce 8 take gani. Sai dai a lura, tsohon Windows mai bit 32 ba ya iya amfani da abin da ya wuce giga 4, ko da kuwa sandunan lafiyarsu ƙalau.

Waɗannan duka alamomi ne kawai. Zafin furosesa, da raunin akwatin wuta, da lalacewar faifan ajiya duk suna iya kawo irinsu.

Matakin farko: ido da hannu

Kafin a taɓa komai a kashe kwamfuta, a zare wayarta daga bango, a danne makunni na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wutar da ke ciki ta fita. Sa'an nan mutum ya taɓa ƙarfen akwatin da hannunsa. Lantarkin nan da yake taruwa a jikin mutum, wanda ake jin tartsatsinsa a riga lokacin hunturu, ya isa ya kashe ƙwayar ram ba tare da an ga alamar ƙuna ba. A riƙa kama sanda ta gefe-gefenta, ban da taɓa haƙoranta.

Abu na farko shi ne a tabbatar irin sandar ya dace da allon. DDR3, wanda ya fito cikin 2007, yana da haƙora 240. DDR4 na 2014 yana da 288. DDR5 na 2020 shi ma 288 gare shi. Kowanne yana da wushirya a tsakanin haƙoransa, kuma wurin wushiryar ya bambanta, don kada wani ya shiga gurbin wani. In sanda ta ƙi zama, to ba a yi mata dole. Akwai kuma wani tarko da ya kamata masu sayen na hannu su sani. Ana ciro sanduna daga tsofaffin manyan kwamfutocin kamfanoni, irin da ake kira RDIMM, ana sayar da su da araha. Wushiryarsu tana iya dacewa, su zauna daram a gurbi, amma allon kwamfutar gida ba zai tashi da su ba. Sandar lafiyarta lau, gidan ne ba nata ba.

Abu na biyu shi ne zama. Da yawa daga cikin sandunan da ake mayar wa masu shago da sunan sun lalace ba su zauna daidai ba ne kurum. Sanda tana bukatar a danna ta da ƙarfi ta gefe biyu har kunnuwan gurbin su rufe da kansu, a ji ƙas. A wasu alluna kunne ɗaya ne yake motsi, nan ne aka fi yin kuskure, gefe ɗaya ya shiga, ɗayan yana sama kaɗan. In allo yana da gurabu huɗu kuma sanduna biyu ne, galibi ana sa su a na biyu da na huɗu in an ƙirgo daga wajen furosesa, waɗanda ake rubuta wa A2 da B2. Littafin allon shi ne alƙali.

Abu na uku shi ne tsabta. Sandar da ta daɗe a sito cikin danshin Ikko da iskar teku, ta kuma sha hannun masu tayawa, haƙoranta sukan yi dauɗa. A goge su a hankali da farar robar goge fensir, ko da ƙyalle mai tsabta da sinadarin isopropyl, a bari su bushe sarai. Gurbin kuma a hure ƙurarsa da abin hura iska. Ban da baki, ban da ruwa, ban da fetur ko kananzir.

Mai sabuwar kwamfuta ta DDR5 ya yi haƙuri a kunnawar farko. Allon yakan ɗauki 'yan mintoci yana auna sandunan, fuska tana baƙa. Wanda ya yi gaggawar kashewa sai ya zaci ta lalace.

Mataki na biyu: saiti

Kowace sanda tana da gudun da aka amince da shi a ƙa'idar ƙungiyar JEDEC, mai tsara ma'aunin waɗannan kaya. Amma gudun da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali sau da yawa ya fi wannan, kuma ba ya samuwa sai an kunna wani saiti a cikin BIOS, wanda Intel suke kira XMP, AMD kuma suka fito da nasu mai suna EXPO cikin 2022. Wannan saiti tura doki ne ya wuce tafiyarsa ta yau da kullum, ba kowace furosesa ce take jurewa ba. Saboda haka kafin a yi kowane gwaji, a mai da BIOS yadda ya fito daga kamfani. In kwamfutar ba ta tashi balle a shiga BIOS, a zare wuta, a cire ɗan batirin nan mai kama da sulalla, mai lamba CR2032, na 'yan mintoci, a mayar. In da wannan kaɗai cutar ta tafi, to sandar ba ta da laifi, gudun ne ya yi mata yawa, ko ya yi wa furosesa yawa. Sai a bar ta a gudun ƙa'ida, ko a sabunta BIOS a sake jarrabawa.

Mataki na uku: gwaji

Windows yana da nasa ɗan gwaji. A rubuta mdsched a wurin nema, kwamfuta za ta sake tashi ta duba ram. Yana kama manyan lahani, amma ƙanana sukan kuɓuce masa. Wanda masu gyara suka fi dogara da shi shi ne MemTest86, wanda Chris Brady ya fara rubutawa cikin 1994, kamfanin PassMark ya karɓe shi cikin 2013, da kuma ɗan'uwansa Memtest86+. Ana samun su kyauta a intanet. Ana zuba shirin a filash, a tayar da kwamfuta daga filash ɗin, ba tare da an shiga Windows ba. Aikinsa shi ne ya rubuta lambobi iri-iri a kowane lungu na ram, ya karanto, ya gwama da abin da ya rubuta. A shirya filash ɗin a wata kwamfuta mai lafiya, kada mai ciwon ta gurɓata shi.

Zagaye ɗaya yana iya cin abin da bai kai awa ɗaya ba, ko awoyi, gwargwadon yawan ram. An fi so a bar shi ya yi zagaye 4, domin wani lahanin ba ya fitowa sai sanda ta ɗauki zafi. A nan ne batun wuta yake shigowa. In an ɗauke wuta a tsakiya, gwaji ya koma farko, don haka a zaɓi lokacin da ake da janareto ko batir. Hukuncin kuwa ba shi da sassauci: kuskure ko ɗaya ne, an faɗi.

Amma jan layi a MemTest86 yana nuna cewa akwai ɓarna ne a hanyar ram, bai faɗi wanda ya yi ta ba. Tun daga Athlon 64 na AMD cikin 2003, da kuma furosesocin Core i7 na Intel cikin 2008, sashen da yake sarrafa ram ya koma cikin furosesa. Watau masu laifi suna iya zama huɗu: sanda, gurbi, furosesa, ko wuta. Ana rarrabe su ne ta hanyar warewa. A manna wa kowace sanda 'yar takarda mai lamba, a samu littafi a riƙa rubuta sakamako. A sa sanda ta farko ita kaɗai a gurbin da littafin allo ya ce, a gwada. A cire ta, a sa ta biyu a wannan gurbin dai, a gwada.

In ɗaya ta faɗi ɗaya ta ci, a kai wadda ta faɗi wani gurbin. In ta sake faɗuwa, to an kama ɓarawo da kaya a hannu. In kuwa duk sandar da aka sa a wani gurbi sai ta faɗi, amma ta ci a sauran, to gurbin ne, ko kuwa mazaunin furosesa. A irin wannan a cire furosesa a duba 'yan allurorin mazauninta da haske mai kyau, domin allura ɗaya da ta lanƙwashe tana iya kashe gurabu biyu. Ɗaure fankar furosesa da ƙarfi fiye da kima ma yana kawo haka. In kowace sanda ta ci ita kaɗai, amma suka faɗi in an haɗa su, to jituwa ce babu, abin da yake yawan faruwa in an sayi ɗaya a wannan shago ɗaya a wancan. In kuwa duka sun faɗi a ko'ina, a kai su wata kwamfuta mai lafiya. In sun ci a can, sai a juya kan allo, da furosesa, da akwatin wuta. Sandar DDR4 da bolt 1.2 take aiki, wutar bango kuwa 230 ce. Akwatin wuta na jabu da yake tsakanin su, in ya haɗu da wutar da take hawa tana sauka, yana iya sa lafiyayyar sanda ta yi ƙarya.

Sandar da aka tabbatar ta lalace ba a yi mata magani a gida, sai canji. Bayan an canja, a tuna duk abin da aka rubuta a faifai lokacin da take ciki abin tuhuma ne. In da ita aka zuba Windows, gara a sake zubawa. Takardun lissafi da hotunan mutane kuma a buɗe su ɗaya bayan ɗaya a duba, kafin a goge asalinsu daga kyamara ko waya.

Kafin a biya kuɗi

Kamfanoni uku ne suke yin mafi yawan ƙwayoyin ram na duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. A ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo, domin manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun kwashe kaso mai yawa na abin da ake ƙerawa. Duk lokacin da sabon kaya ya yi tsada, kasuwar na hannu takan cika, mai kyau da marar kyau a tire ɗaya. Saboda haka sayen ram ba gwaji sayen kifi ne a ruwa.

Mai saye ya tafi kasuwa da filash ɗinsa na gwaji, ya roƙi a sa sandar a kwamfutar shago a yi ko da zagaye ɗaya ne a gabansa. Ganin kwamfuta ta tashi kawai bai isa shaida ba. Wani ɗan shiri na kyauta mai suna CPU-Z yana karanta bayanin da aka rubuta a cikin sandar kanta, watau girmanta da gudunta da sunan kamfaninta, sai a gwama da takardar da ke manne a jikinta. In sun saɓa, a ajiye ta. In sanduna biyu ake bukata, a nemi tagwaye masu lamba iri ɗaya. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kowace sanda, a kuma sa mai shago ya rubuta kwana nawa ya yarda a dawo da ita, sa'an nan a yi cikakken gwajin a gida tun kwanakin ba su ƙare ba.

Wannan tsari yana kare mai saye, yana kuma kare mai sayarwa. Baƙo a kasuwar da ba ta garinsu ba ba ya cin riba da hayaniya, kuma zargin mutum da ha'inci a kan sandar da ba ta zauna daidai ba zalunci ne. Wanda ya koma shago da rasit, da hoton jan layin gwaji a wayarsa, da bayanin cewa sanda mai lamba kaza ta faɗi a gurbi biyu alhali 'yar'uwarta ta ci, maganarsa tana da nauyi a gaban mai shago da shugabannin kasuwa. Yini ɗaya na gwaji ya fi sauƙi a kan kuɗin sabon allo da ba a bukata, ko lissafin maigida da ya rikice ba a sani ba. Allah Ya sa a dace.